Zan iya gina rayuwata a kan binciken wasan yara masu nakasa?

Tambayar ita ce: "Malam, na gama digirin farko a fannin zayyanar kayayyaki, kuma na ɗan yi aikin sa kai a makarantar yara masu buƙata ta musamman. Ina so in zama mai bincike a jami'a, in riƙa ƙirƙiro kayan wasa da wasannin da za su taimaka wa irin waɗannan yara su yi abokai. Shin wannan fanni ne da ake cin abinci da shi? Ta ina ake shiga, kuma me ya kamata in fara koya?"

Ƙanwata, fanni ne, kuma akwai masu cin abinci da shi. Sai dai in kika shiga jami'a kina neman ƙofar da aka rubuta wa "Sashen Wasan Yara Masu Nakasa", za ki gama zagayenki ba ki gan ta ba. Masu wannan aiki a warwatse suke. Wasu suna sashen da ke horar da masu koya wa nakasassu harkokin rayuwar yau da kullum, a ƙarƙashin kimiyyar lafiya. Wasu suna sashen kwamfuta, ɓangaren da ke nazarin mu'amalar mutum da na'ura. Wasu suna tsangayar ilimi ko sashen nazarin halayyar ɗan Adam, wasu suna makarantun zayyana, akwai kuma masu tsara filaye da wuraren shaƙatawa. Wurare kaɗan ne suka ware cibiya da ta kusanci batun kai tsaye, kamar cibiyar PEDAL ta Jami'ar Kambirij da aka kafa a 2015 da tallafin gidauniyar masu kayan wasan yara na LEGO, ko cibiyar Helen Hamlyn da ke kwalejin zane ta RCA a Landan, ko CanChild a Jami'ar McMaster ta Kanada. Wannan warwatsuwa za ta shafi aljihunki nan gaba, domin sashe ne ke ɗaukar mutum aiki, kuma sashe yana neman wanda zai iya koyar da darussansa. Zan zo kan wannan. Amma na lura kin ɗora nauyin tambayarki a kan ƙirƙiro kayan wasa, alhali kayan su ne ɓangare mafi sauƙi a aikin, don haka daga nan zan fara.

An yi wani babban bincike a ƙasashen Turai da dama mai suna SPARCLE, a kan yara sama da 800 masu shekara 8 zuwa 12 da ke da shanyewar gaɓoɓi, irin wadda ke samo asali daga rauni a ƙwaƙwalwa tun jarirantaka. Waɗanda za su iya amsawa da kansu aka tambaye su yadda suke jin rayuwarsu. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2007 ya ba mutane da yawa mamaki, domin yaran ba su ga rayuwarsu ta gaza ta sauran yara ba. Ciwon jiki yana rage musu jin daɗi, wannan kam ya fito fili. Da aka sake komawa wurinsu bayan sun zama matasa, aka buga sakamakon a 2015, a abu guda ne kawai suka faɗi ƙasa da tsaransu: abokai da samun goyon bayan tsara. Nan ne giɓin yake, kuma nan ne aikin da kike sha'awa ya samu gindin zama.

Ta fuskar doka ma batun yana da madogara. Sashe na 31 na yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya ce wasa haƙƙin yaro ne, kuma kwamitin da ke kula da ita ya yi masa dogon sharhi a 2013. Sashe na 30 na yarjejeniyar haƙƙin masu nakasa ta 2006 ya ce a ba yara masu nakasa damar wasa daidai da sauran yara, har a cikin makaranta. A 2021 UNICEF ta ƙiyasta yawansu a duniya da kusan miliyan 240, wato wajen yaro ɗaya cikin goma. Za ki buƙaci waɗannan a shafin farko na kowace takardar neman tallafi. Ba su ne binciken ba.

In kina son ki ga binciken da idonki, ki je filin wasan da aka ce an gina shi don kowa, ki nemi wuri ki zauna. Sau da yawa za ki tarar da gangara mai faɗi da daɓe mai laushi wanda keken guragu ke iya bi, komai bisa ƙa'ida. Ki bi gangarar da ido. Tana kaiwa ga wani dandamali, a jikin bangonsa an kafe sitiyarin roba. Yaron da ke kan keke ya hau, ya juya sitiyarin sau biyu, ya ɗaga kai. Sauran yara suna can ƙololuwar hasumiya suna ihu, suna rububin wanda zai fara zamewa ƙasa. Lilon da aka yi musamman don keken guragu kuma yana can gefe a cikin shinge, wani lokaci har da kwaɗo, saboda nauyinsa na iya buge ƙaramin yaro. Yaron nan ya iso filin, amma bai shiga wasan ba. Ƙa'idojin gina filayen wasa, irin su EN 1176 na Turai da tanadin dokar nakasassu ta Amurka, suna auna faɗi da tsawo da taushin ƙasa, kuma suna da amfaninsu. Babu ɗaya daga cikinsu da ke auna ko wani ya kira sunanka ya ce zo mu yi.

Abu na biyu da za ki fara gani shi ne yadda manya suka ƙwace wa yaro mai nakasa wasansa ba tare da mugun nufi ba. Kusan duk abin wasan da aka miƙa masa akwai manufa a ɓoye a bayansa: wannan zai ƙarfafa yatsunsa, wancan zai koya masa haɗa ido, wancan kuma jiran layi. Tsakanin 2014 da 2018 wata haɗakar masu bincike ta Turai mai suna LUDI, ƙarƙashin jagorancin Serenella Besio 'yar Italiya, ta dage a kan bambanta wasa don wasa kawai da atisayen da aka yi wa kwalliyar wasa. Dukansu suna da muhalli, ba na raina aikin masu gashin ƙashi da masu koyar da magana. Amma yaro ya san bambancin tun kafin ki buɗe jaka. Atisaye babba ne ke farawa, shi ke tsayarwa, shi ke cewa an yi daidai. Wasa kuwa yaro na iya canja dokarsa, ya lalata shi, ya yi fushi ya tafi. Abota a cikin na biyun take tsirowa.

Tun da ke mai zayyana ce, na san na'urori za su ja hankalinki, kuma nan ne kuɗin tallafi ya fi sauƙin samuwa. Jami'ar Hertfordshire ta Ingila ta ƙera mutum-mutumi mai suna Kaspar tun 2005 don mu'amala da yara masu otizim, wato lalurar da ke shafar yadda mutum ke sadarwa da cuɗanya da mutane, kuma an koyi abubuwa da dama daga gare shi. Bayansa an yi manhajoji da wasannin kwamfuta ba adadi. Sai dai da Katta Spiel da abokan aiki suka bi diddigin irin waɗannan na'urori a wani nazari na 2019, sun tarar galibinsu an ƙera su ne don su gyara halin yaron ya yi kama da na sauran, ba don abin da shi yaron yake so ba. Damian Milton, masani ɗan Birtaniya wanda shi kansa yana da otizim, ya kawo hujja a 2012 cewa rashin fahimtar juna tsakanin mai otizim da maras shi daga ɓangarori biyu yake: yadda wannan ya kasa karanta wancan, haka wancan ya kasa karanta wannan. A shekarar ne kuma Connie Kasari da tawagarta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles suka buga wani gwaji da suka yi a makarantu, inda suka kwatanta horar da yaro mai otizim shi kaɗai da horar da 'yan ajinsu yadda za su jawo shi. Horar da 'yan ajin ya fi tasiri wajen rage kaɗaicinsa a filin wasa. Ma'anar wannan ga mai zayyana babba ce. Wanda kike yi wa zayyana ba yaro ɗaya ba ne, taron yara ne, kuma sau da yawa waɗanda ba su da nakasar su ne suka fi buƙatar a buɗe musu hanya.

To me ke aiki? A iya abin da na gani, wasan da ya sa yara suka buƙaci juna da gaske. Daniel LeGoff, wani masanin halayya a Amurka, ya wallafa wata hanya a 2004 ta haɗa yara su yi gini da bulullukan LEGO, inda ake raba aiki: ɗaya yana riƙe da takardar zane yana faɗin abin da za a yi, ɗaya yana zaƙulo bulullukan, ɗaya yana haɗawa. Babu mai iya gamawa shi kaɗai, dole a yi magana. Hanyar tasa ta jinya ce, babba ke jan ragamarta, amma dabarar raba iko tana aiki ko'ina.

A wani aji da muka yi aiki akwai yarinya da ba ta magana, kuma hannu ɗaya kawai take iya motsawa, shi ma da ƙyar. Kullum in ana wasa tana gefe, malama ta juya kekenta ya fuskanci yara don ta yi kallo. Muka haɗa wani babban maɓalli mai faɗin tafin hannu da lasifika, muka ɗora a kan tiren kekenta, aka fara wasan nan da ake rawa in kiɗa ya tsaya kowa ya daskare, wanda ya motsa ya fita. Ita ke tsayar da kiɗan. Nan da nan idanun ajin gaba ɗaya suka koma kan hannunta. Yara suka fara karantar fuskarta don su gane lokacin da za ta danna. Ita kuma ta gano haka, sai ta riƙa ɗaga hannu kamar za ta danna ta fasa, tana dariya har tana shiɗewa. Can wani yaro da aka fitar ya zo gabanta a fusace ya ce wallahi da gangan ta yi masa, tana jira ne sai ya ɗaga ƙafa. Malamar ta yunƙura za ta tsawata masa, muka yi mata alama ta ƙyale. Yara ba sa zargin wanda suke tausayi da maguɗi, abokin wasa suke zargi. Maɓallin nan ana sayar da irinsa a shirye, ba mu ƙirƙiro komai ba. Abin da muka zayyana shi ne matsayinta a cikin wasan.

Wani lokaci ma kayan da ba su da siffa sun fi waɗanda aka ƙawata. Simon Nicholson ya rubuta tun 1971 cewa yawan ƙirƙirar yara yana tafiya ne da yawan abubuwan da za su iya ɗauka su juya yadda suke so. Anita Bundy da abokan aikinta sun gwada wannan a makarantun firamare na birnin Sidni a Ostireliya: suka zuba tsofaffin tayoyi da akwatuna da kwalaye da yadudduka a filin wasa, suka koma gefe. Taya ba ta da hanyar amfani ɗaya da za a ce yaro ya kasa, kuma babba ce, sai an kama maka. Abin sha'awa a aikin nasu shi ne rabin ƙoƙarin a kan manya ya tafi, ana zama da iyaye da malamai ana tattauna tsoron da ke sa su hana yara duk abin da ke da ɗan haɗari. Wannan tsoro ya fi tsanani a kan yaro mai nakasa. Lady Allen ta Hurtwood ta gane haka da daɗewa, ita ce ta jagoranci buɗe filin wasan kasada na yara masu nakasa a unguwar Chelsea ta Landan a 1970, da yashi da ruwa da wuraren hawa. Ellen Sandseter ta Norwe ta kasa wasan kasada gida shida a 2007, ciki har da hawa sama, gudu da sauri, kokawa, da ɓacewa daga idon manya. Ki duba jerin nan ki tambayi kanki nawa ne ake barin yaro makaho ko mai farfaɗiya ya taɓa. Na ƙarshen nan, ɓacewa daga idon manya, shi ne mafi wuya, domin yaro mai nakasa a makaranta sau da yawa akwai babban da aka ɗora masa yana biye da shi, kuma ba a ƙulla sirrin yara a gaban babba.

Yanzu ga inda mai bincike ya bambanta da mai ƙera kaya: dole ki nuna hujja. Ta yaya za ki tabbatar wa wanda bai je ajin ba cewa zaman yarinyar nan da 'yan ajinsu ya canja? Wannan ita ce tambayar da za ta cinye miki shekaru, kuma in ba ta burge ki ba, gara ki nemi aiki a kamfanin kayan wasa, ba aibu ba ne.

Tsohon ma'auni shi ne na Mildred Parten na 1932, wadda ta jera wasan yara daga mai zaman banza, zuwa mai wasa shi kaɗai, mai kallo, mai wasa kusa da wani, har zuwa masu haɗa kai. Har yau ana amfani da shi, ana ɗaukar bidiyo ana ƙirga daƙiƙoƙi. Matsalarsa ita ce ana yawan karanta shi kamar tsani, na sama ya fi na ƙasa. Yaro mai otizim da ke jera motoci kusa da wani yaron da ke jera nasa, ba magana, ba haɗa ido, yana iya kasancewa cikin mafi daɗin zumuncin da ya sani, amma takardarki za ta ba shi maki kaɗan. Akwai hanyar tambayar kowane yaro a aji ya ambaci waɗanda yake wasa da su, sannan a zana taswirar wa ya ambaci wa. Tana nuna abin da ido ba ya gani, musamman yaron da ya ambaci mutum biyar babu wanda ya ambace shi, sai dai tana buƙatar taka-tsantsan don kada tambayar kanta ta zama abin gori bayan kin tafi. Akwai takardun tambayoyi na jin daɗin rayuwa irin su KIDSCREEN. In yaro ba ya iya cikewa akan ba iyaye ko malamai, kuma an sha nuna cewa amsarsu ba ta cika dacewa da ta yaron ba.

Sai matsalar sabon abu. Duk abin da kika kawo aji, ko kwalin banza ne, zai tara yara a makon farko. Maƙaloli da yawa a wannan fanni a makon farkon nan aka rubuta su, shi ya sa nake karanta su da rabin zuciya. Tambayar ita ce bayan wata uku, kin daina zuwa, batir ya mutu, malamar da ta san yadda ake kunnawa an canja mata aji. Ga kuma ƙarancin adadi: ba za ki samu yara ɗari biyu masu lalura iri ɗaya a wuri ɗaya ba, kuma ko biyu kika samu ba su yi kama da juna ba. Don haka ki koyi tsarin gwajin da ake bin yaro ɗaya ko 'yan kaɗan ana auna su sau da yawa kafin a kawo abu da bayan an kawo, ki koyi nazarin bidiyo, ki koyi hira da lura irin ta masu nazarin al'umma. Lissafin ƙididdiga ma ki koya gwargwado, ko don ki gane lokacin da wani yake rufe rauninsa da lambobi.

Game da shigar da yaran cikin zayyanar, Allison Druin ta Jami'ar Maryland ta bayyana matsayi huɗu a 2002: yaro a matsayin mai amfani da abu, mai gwada shi, mai ba da bayani, ko abokin zayyana. Kowa yana so ya rubuta cewa nasa na huɗun ne. Laura Lundy ta Belfast ta kawo ma'auni mai tsauri a 2007, cewa bai isa a ba yaro wuri da murya ba, sai an samu mai saurare, kuma maganar ta canja wani abu. Ki riƙa tambayar kanki a ƙarshen kowane zama: wane abu ne a samfurin nan ya canja saboda yaro ya ce a canja? Da yaran da ba sa magana kuwa sai kin koyi allon hotuna da alamu da maganar hannu, kuma sai kin koyi gane "a'a". Uba ya sa hannu a takardar amincewa, amma yardar yaron daban ce, kuma kullum ake sabunta ta. Yaron da ya juya miki ƙeya, ko ya ture samfurin ya faɗi ƙasa, ko ya toshe kunnuwa, ya janye daga bincikenki a wannan ranar, ko da saura mako biyu ki miƙa babin kundin bincikenki.

To mu koma kan hanyar. Da digirinki na zayyana, digiri na biyu shi ne wurin cike abin da ba ki da shi. Kin riga kin iya ƙera abu, don haka ni da zan zaɓa miki, sai in ce ki nemi kwas da zai koya miki hanyoyin bincike da ci gaban yara da nazarin nakasa, ko kuma mu'amalar mutum da kwamfuta in na'ura kika fi so. Daga nan sai digirin digirgir, wanda ke ɗaukar shekara uku zuwa huɗu a Birtaniya, huɗu a Holan, biyar ko shida a Amurka. A Holan da ƙasashen arewacin Turai ɗalibin digirgir ma'aikaci ne mai albashi, kuma gurbin ana tallata shi ne kamar kowane aiki, da batun da aka riga aka tsara. Shirin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai yana ɗaukar ɗalibai daga ko'ina a duniya, akwai kuma tallafin Commonwealth da na DAAD ta Jamus. Shawarata kada ki yi digirgir da kuɗin aljihunki a wannan fanni, albashin da ke gaba ba zai mayar miki ba.

Wajen zaɓen malamin da zai duba aikinki, sunan jami'a ba shi ne farko ba. Ki tambaya: yana da makarantu ko cibiyoyin da suka riga suka amince da shi? Wannan tambaya ta fi kowace. Samun izinin kwamitin ɗa'ar bincike don aiki da yara masu nakasa yana cin watanni, in da asibiti a ciki ya fi haka, ga binciken tarihin mutum da ƙasashe da yawa ke wajabtawa kafin a bar shi da yara. Bayan duk wannan sai ki fara neman shugaban makarantar da zai buɗe miki ƙofa, sannan iyaye, waɗanda da yawansu sun gaji da masu bincike da ke zuwa su ɗebi bayani su ɓace. Ɗalibin da ya fara daga babu yakan cinye rabin lokacinsa bai ga yaro ko ɗaya ba. Ki kuma nemi tsofaffin ɗaliban malamin ki ji ta bakinsu, ba a gabansa ba. In zai yiwu a haɗa miki masu dubawa biyu, ɗaya daga zayyana ko kwamfuta, ɗaya daga lafiya ko ilimi.

Batun wallafa yana da tarko. A sashen kwamfuta, maƙalar da aka gabatar a babban taro irin su CHI na mu'amalar mutum da kwamfuta, ko ASSETS na fasahar taimaka wa masu nakasa, ko IDC, taron zayyana da yara da aka fara a Eindhoven a 2002, tana da daraja kamar ta mujalla, wani lokaci ma fiye. A sashen lafiya ko ilimi kuwa maƙalar taro ba ta da nauyi sosai, mujalla ake dubawa. Masu tace maƙala na lafiya za su ce yaranki sun yi kaɗan, na zayyana za su ce ina sabon abin da kika ƙera, na nazarin nakasa za su ce ina muryar masu nakasar. Duk suna da gaskiya, kuma ba za ki gamsar da su a maƙala ɗaya ba. Shi ya sa nake cewa ki zaɓi gida tun da wuri. Ki yanke shawarar sashen da kike so ya ɗauke ki aiki, ki wallafa mafi yawan aikinki inda su suke karantawa, sauran ki riƙa kai musu ziyara.

Bayan digirgir akwai shekarun kwantiragi, shekara ɗaya zuwa uku kowanne, a kan tallafin wani, kuma sau da yawa a wani gari ko wata ƙasa. Masu gama digirgir sun fi guraben aikin dindindin yawa nesa ba kusa ba, wannan haka yake a kusan kowane fanni. In kin samu gurbin kuma, koyarwa da duba jarrabawa da rubuta takardun neman tallafi za su cinye mafi yawan makonki, zama a ƙasa da yara ya koma hannun ɗalibanki. Masu ba da tallafi kuma sun fi sakin kuɗi in an ce musu abu zai rage wata alama ta ciwo ko ya ɗaga sakamakon karatu. "Yara za su ji daɗi su yi abokai" ba ya saurin buɗe asusu, don haka za ki koyi rubuta takarda da harshensu ba tare da kin mayar da wasan atisaye ba. Wannan ja-in-ja ba ya ƙarewa, ni ma har yanzu ina cikinsa.

Waɗanda suka bar jami'a ba su faɗi ba. Akwai su a ƙungiyoyin agaji, gidajen tarihi, hukumomin tsara birane, asibitocin yara, da kamfanoni. Na'urar sarrafa wasan bidiyo na Xbox da Microsoft ta fitar a 2018 don masu ƙarancin motsin hannu, da bulullukan LEGO masu rubutun makafi da aka fara rarrabawa a 2020, duk da haɗin gwiwar ƙungiyoyin masu nakasa aka yi su, kuma irin wannan aiki yana buƙatar mutanen da suka iya sauraro da gwaji.

Abu biyu za su iya ba ki fifiko. Na farko, kusan duk sunayen da na ambata daga Turai da Arewacin Amurka da Ostireliya suke, alhali mafi yawan yara masu nakasa suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ne, inda wasa ya fi faruwa a tsakar gida da kan layi, cikin 'yan'uwa da yara masu shekaru daban-daban, ba a filin da injiniya ya zana ba. Abin da aka rubuta a kan wannan kaɗan ne, kuma ma'aunan da ake da su ba a can aka gina su ba. Na biyu, fannin yana ƙarancin masu bincike da su kansu ke da nakasa. Ba ki faɗa mini ko kina da ita ba. In ba ki da ita, ki nemi manya masu nakasa su zama abokan aikinki da masu ba ki shawara, a biya su, domin sun taɓa zama yaran nan kuma suna tuna wanda ya zauna a gefe da dalilin zamansa.

Kafin ki cike fom ko ɗaya, ki koma makarantar da kika yi aikin sa kai, ki nemi izini ki riƙa zama lokacin tara da littafin rubutu, ba tare da kin kawo komai ba. Ki rubuta wa ya fara wasa, wa ya shiga, ta yaya ya shiga, wa ya gwada aka ƙi shi, ina manya suke tsaye. Kada ki rubuta sunan kowa, kuma ki sani wannan don koyonki ne, ba za ki iya wallafa shi ba tunda babu izinin kwamiti. Bayan 'yan makonni ki gwada canji ɗaya mai arha, da yardar malamai, ki ga abin da ya biyo baya. A gefe guda ki karanta maƙaloli uku ko huɗu na malamin da kike so ki yi aiki da shi. Wasiƙar da za ki aika masa kada ta wuce shafi ɗaya: abin da kika lura da shi, tambayar da ya tayar miki, inda ta haɗu da aikinsa ko ta saɓa masa, da hoton samfurin da kika gwada, ba fuskar yaro a ciki. Sannan ki tambaye shi kai tsaye ko yana da gurbi mai tallafi a shekara mai zuwa, in babu kuma wa ya sani da ke da shi.